Kwali Ba Ya Son Danshi

Shekarata saba'in da ɗaya a garin McKeesport. Na ga 'ya'yan da suka kai iyayensu gidan tsofaffi suka manta hanya, na ga waɗanda ba sa ɗaga waya sai ranar Kirsimeti. Amma ban taɓa ganin an fitar da mutum daga ɗakinsa don a kwantar da kwali ba, sai a gidan yayana Kazimir, wanda kowa ke kira Kaz. Abin ya tsaya mini a wuya, ya ƙi wucewa, shi ya sa na zauna rubuta shi.

Wata Alhamis ce a watan Satumba. Kowace Alhamis nakan kai masa naɗin kabeji da nama, mu ci, mu buga kati, ya yi maguɗi in kama shi. Na shiga ta ƙofar kicin kamar kullum, na wuce ɗakinsa, wanda ya fi kowane ɗaki a gidan samun rana. Ina tura ƙofa na ci karo da kwalaye. Farare ne, sababbi fil, an jera su tun daga ƙasa har kusan silin, kowanne da hoton na'urar gem, wato wasan bidiyo, a jikinsa. Babu gado, babu kujerarsa ta bakin taga. Hoton marigayiya matarsa Halina ma an sauke shi daga bango, an ja labule ruf.

"Goggo! Goggo Rejina, kar ki taɓa!"

Trent ne, ɗan Kaz tilo, ya fito a guje daga falo da abin sauraro rataye a wuya. Shekararsa talatin da takwas. Shi da matarsa Shona sun dawo gidan bayan rasuwar Halina, wai don su kula da tsoho.

Na ce, "Ina uban naka?"

"Yana ƙasa."

"Wane ƙasa?"

"Ɗakin ƙasa mana. Mun gyara masa, har da kafet. Na ɗan lokaci ne, Goggo, zuwa Nuwamba kawai. Zo in nuna miki."

Ya ja ni falo ya buɗe kwamfuta. Trent yana da tasha a intanet, inda yake zama gaban kyamara yana gaya wa jama'a ranar da wani gem mai suna Tsibirin Toka kashi na biyar zai fito. Shekara uku ke nan yana gaya musu, alhali kamfanin da ke yin gem ɗin bai taɓa buɗe baki ya faɗi rana ba. Ya kunna mini tallan minti ɗaya da rabi da kamfanin ya saki, ya tsayar da shi daidai kan wani agogon bango a bayan wani ɗan daba.

"Kin ga agogon? Sha ɗaya da minti sha huɗu. Wata na sha ɗaya, rana ta sha huɗu. Mutanen nan ba sa sa komai a banza."

"To sai me?"

"Ranar da ya fito, duk wanda ba shi da na'ura sai ya nemi na'ura. Kantuna za su ƙare kaf. Ni kuwa ga guda sittin da biyu a hannuna. Layi za a yi a ƙofar gidan nan, Goggo, ninki biyu zan sayar."

"Na ji. Me ya hana ka zuba su a ɗakin ƙasan, ka bar tsoho a ɗakinsa?"

Ya dube ni kamar na ce a zuba su a kogi.

"Haba Goggo! Danshi fa! Kwali ba ya son danshi. Da ya yi laushi ko ya ɗauki wari, mai saye zai ce ba sabo ba ne. Mutanen nan har kusurwar kwali suke dubawa da fitila."

Na tsaya ina kallon bakinsa, ko zai ji abin da ya fito daga ciki. Bai ji ba.

Matakala goma sha uku ce zuwa ƙasa. Irin ɗakin da ke ƙarƙashin kowane gida ne a unguwarmu: bangon dutse mai gumi, injin wanki, tukunyar ɗumama gida, sai masai guda tsaye a fili, ba bango ba ƙofa, da famfon wanka a gefensa. A nan Kaz ya yi shekara talatin da huɗu yana wanke baƙin masana'antar ƙarfe kafin Halina ta bar shi ya hau sama, kuma ƙurar masana'antar ce ta cinye masa rabin huhu. Na same shi zaune a bakin gado, tsakanin injin wanki da masai, yana ware kati.

Ya ce, "Rejina, kabeji kika kawo ko faɗa?"

"Duka biyun. Yaya, mene ne wannan?"

"Zauna, rage murya. Yaron nan nema yake. Tun da aka sallame shi daga aiki ban ga idonsa da haske irin na yanzu ba. Wata biyu ne fa. Ni da na tsufa a bakin wuta, ɗan sanyi ne zai ba ni tsoro? Ga masai a kusa, ba sai na yi tafiya ba. Ga injin shanye danshi ma ya sauko mini da shi."

Ya nuna wani farin inji da ke gurnani a kusurwa. Na ajiye kwano, na raba kati. Ranar bai yi maguɗi ba, ni ma ban ji daɗin cinye shi ba.

Sha huɗu ga Nuwamba ta zo ta wuce kamar kowace rana. Kamfani bai ce uffan ba. Na zaci Trent zai ji kunya, ashe irinsu ba a haife su da wannan jijiyar ba. Washegari ya zauna gaban kyamara ya ce dama ya san haka za ta faru, agogon tarko ne aka ɗana wa marasa zurfin tunani. Ainihin alamar tana jikin lambar wata mota a cikin tallan, kuma in ka haɗa da abin da shugaban kamfanin ya gaya wa masu hannun jari, Maris ne, babu makawa.

Ran bikin godiya da ake yi a ƙarshen Nuwamba na je da wuri don in taya Shona gasa talotalo. Na sauka in gaida Yaya, sai na ji ɗakin shiru. Kusurwar da injin yake babu komai sai shatin ƙafafunsa a kan kafet. Baƙin fumfuna ya fara hawa bango daga ƙasa, bargonsa ya yi nauyi kamar shanyar da ba ta gama bushewa ba.

Na hau sama na tarar da Trent yana leƙa wani ɗan ma'aunin danshi da ya manna a ƙofar ɗakin kwalaye.

"Ina injin Yaya?"

"Aro na yi, Goggo. Satin nan an yi ta ruwa, ma'aunin ya haura sittin. Kin san abin da sittin ke yi wa kwali?"

"Ka san abin da yake yi wa huhu?"

"Baba da kansa ya ce in ɗauka. Tambaye shi."

Shona ta juyo daga bakin murhu da cokali a hannu. Mace ce mai taushin murya, ko zagi za ta yi sai ka ɗauka addu'a ce.

"Goggo, wallahi ya fi samun natsuwa a ƙasan. Babu hayaniya, babu mai damunsa. Kuma hawa matakala motsa jiki ne, ai likitoci suna so."

Na ga motsa jikin da idona. Da aka kira shi cin abinci, sau uku ya tsaya a hanya, yana riƙe da katako, ƙirjinsa na kuka kamar tsohuwar ƙofa. Kafin ya iso tebur dankali ya huce. Yana zama Trent ya tashi ya rufe ƙofar matakalar, ya tura tsumma a ƙarƙashinta, kada iskar ƙasa ta hauro. Sannan ya shaƙi hanci ya ce, "Baba, man zafin nan da kake shafawa a ƙirji, don Allah in za ka hau sama ka riƙa bari sai ka koma. Warinsa yana kama kaya."

Kaz ya ce, "To."

Fada Ignas na cocinmu ya taɓa ce mana fushi zunubi ne. Ranar na ci talotalo da zunubi har wuya.

A watan Janairu tari ya kama shi sosai. Ba irin tarinsa na kullum ba, wannan daga can ƙasa yake tasowa, ya girgiza shi har gado ya motsa. Na ce ya haɗa kayansa ya biyo ni. Ɗaki ɗaya ne da ni a benen tsofaffi na gwamnati, dokarsu baƙo ba ya wuce sati biyu, amma na ce mu fara da sati biyun, in ya so su kore mu tare.

Ya ce, "Gidana ne, Rejina. Ni na sa rufin nan da hannuna. Ba zan fita in bar shi in je in kwana a kujerarki ba."

"Gidanka ne kake kwana kusa da masai?"

"Maris ya kusa."

Na ja shi asibiti da ƙyar. Likitar wata yarinya ce mai hankali, ta daɗe tana sauraron bayansa, fuskarta na canjawa. Ta ce, "Baba, inda kake kwana akwai ɗumi? Babu danshi ko fumfuna?"

Na buɗe baki ke nan ya damƙe mini gwiwa.

Ya ce, "A ɗakina nake kwana, 'yata. Rana har kan gado."

Da muka shiga mota na fashe. Na ce shi da ko kuɗin fakin bai taɓa cin na gwamnati ba, yau ya zauna ya shara wa likita ƙarya. Ya bari na gama, ya jira numfashinsa ya dawo.

"In na faɗi gaskiya, ma'aikatan walwala za su zo. Za su rubuta sunan ɗana a takarda, su ce yana wulaƙanta ubansa."

"To ƙarya za su rubuta?"

"Ɗan Halina ne. Ja mota mu tafi."

Na ja mota. Wannan ne laifina a labarin nan, kuma ba zan ɓoye shi ba. Lambar ma'aikatan tana manne a jikin firijina. Sau nawa na ɗaga waya na ajiye, saboda yayana ya ce a'a, kuma tun muna yara in ya ce a'a ba na tsallakewa.

Wata Alhamis a Fabrairu na same shi sanye da rigar sanyi biyu da hular ulu a cikin gado, hannunsa na rawa har kati na zubewa. Na kai hannu bakin bututun da ke hura iska mai ɗumi cikin ɗakin, sai na ji tawul an cusa a ciki, an bi da salatif an liƙe.

Trent yana falo, ya kunna fitilunsa masu zagaye, yana gyara gashi a gaban kyamara. Na tsaya tsakaninsa da ita.

"Wa ya toshe bututun?"

"Kai, Goggo, ina shirin ɗauka fa. Bututun nan a haɗe yake da na falo, duk tarin da Baba ya yi sai ya shiga makirufo. Kin ga abin da mutane ke rubuto mini? Duba nan. Wani ya ce wai kare nake kiwo a ƙarƙashin tebur. Mutum dubu goma sha ɗaya ke kallona, Goggo, aiki ne wannan, ba wasa ba."

"Uban naka yana can yana daskarewa."

"Ai tukunyar ɗumin a ɗakinsa take! Shi ya fi kowa kusa da wuta a gidan nan. Kuma na ba shi bargon lantarki."

Shona ta leƙo ta ce, "Na gaya masa ya riƙa shan shayi da zuma, ba ya ji. Tsofaffi da taurin kai, sai haƙuri."

Na koma ƙasa na fizge tawul ɗin na jefar cikin injin wanki. Alhamis ta gaba na tarar an mayar da wani, wannan karon da kwali aka rufe bakin, aka ɗaure da kusoshi huɗu. Ashe akwai kwalin da ba a tsoron ya sha danshi.

Maris ya shigo, dusar ƙanƙara ta narke, ruwa ya fara tsattsafowa ta gindin bango. Kafet ɗin da aka yi mini alfahari da shi ya koma soso, in ka taka sai ya yi kuka. Trent ya sauko da bulo huɗu ya ɗora ƙafafun gadon a kai, ya tsaya yana kallon aikinsa da fara'a, yana jiran a yaba masa. Kaz ya yaba masa kuwa. Ya daina hawa sama kwata-kwata, Shona ke ajiye masa faranti a matakala ta uku, wai gwiwarta ba ta son sauka. In ya ci ya mayar wurin, in bai ci ba ta ɗauke ta ce yau Baba ba ya jin yunwa.

Maris ya ƙare, gem bai fito ba. Amma kamfanin ya sanar cewa zai yi wani taro kai tsaye a intanet ranar Alhamis ta biyu a Afrilu, da ƙarfe sha biyun rana. Trent ya kusa haukacewa. Ya yi aski, ya sayi sabuwar riga, ya gaya wa masu kallonsa cewa ranar za a faɗi rana, kuma ranar ce za a san su waye masana, su waye 'yan kallo.

Na isa gidan sha biyu saura kwata. Ya manna takarda a ƙofar kicin: A SHIGO A HANKALI, ANA ƊAUKA. Farantin safe yana matakala ta uku, ba a taɓa shi ba, ƙwan ya sandare.

Kaz yana kwance ta gefe, idonsa a buɗe amma ba ni yake kallo ba. Jikinsa zafi kamar murfin tukunya, leɓɓansa sun yi shuɗi. Na kira shi, ya ce, "Halina, an busa usur ne?" Ya ɗauka lokacin tafiya aiki ya yi.

Ban san ina da sauran gudu a ƙafata ba sai ranar. Na faɗa falo na ce, "Trent, tashi, ubanka ba ya numfashi daidai!"

Ya rufe makirufo da tafin hannu, murmushi na nan a fuskarsa saboda kyamara, ya yi magana ta gefen baki.

"Minti ashirin, Goggo. Yanzu za su faɗa. Ba shi abin shaƙarsa, yana kan injin wanki. Minti ashirin kawai, ni zan kai shi da kaina."

Na ɗauki wayar bango ta kicin na kira motar asibiti.

Su biyu suka zo, namiji da mace. Macen ce ta fara sauka. Da takalminta ya nutse a kafet ta tsaya, ta dubi bangon, ta dubi masai, ta dubi bulo huɗun, sannan ta dube ni.

"Nan yake kwana?"

Na ce, "Wata bakwai."

Suka sa masa abin iska a hanci, suka ɗaure shi a kujera, suka hauro da shi matakala ɗaya bayan ɗaya. Ƙofar kicin ta yi wa kujerar kaɗan, dole suka bi ta falo. Trent ya ga suna tahowa. Na rantse da kabarin uwarmu, abin da ya yi shi ne ya kai hannu ya karkatar da kyamara gefe, don kada su fito a hoto. Aka wuce da ubansa ta bayan kujerarsa, ƙafar tsohon ta shafi kafaɗarsa. Daidai lokacin allon ya yi baƙi, rubutu ya fito: gem ɗin sai lokacin kaka, shekara mai zuwa.

Abin da na ji na ƙarshe kafin ƙofa ta rufe muryar Trent ce yana cewa, "Jama'a, in kun tuna, ni na taɓa ce muku akwai yiwuwar haka."

Kwana goma sha biyar Kaz ya yi a asibiti. Ciwon huhu ne ya kama ɓangarorin biyu. Ma'aikaciyar motar ta riga ta rubuta abin da ta gani, don haka ƙarya ba ta da sauran wurin zama. Ran kwana na tara wata ma'aikaciyar walwala ta tara mu a bakin gadonsa, ni da Trent da Shona. Kaz ya rufe ido, amma na san yayana, ba barci yake ba.

Matar ta ce, "Magana ɗaya ce. Zai iya komawa gida ranar Juma'a in akwai ɗaki busasshe, mai ɗumi, babu matakala. An ce akwai irinsa a gidan. In babu, sai gidan kula da tsofaffi. Za a iya kwashe ɗakin kafin Juma'a?"

Na ce, "Za a iya kafin gobe. Ni zan kwashe."

Trent ya shafa ƙeya. "Ba wai ba na so ba ne. Ku gane. Yanzu ne mafi munin lokacin sayarwa, kantuna cike suke, har rangwame ake yi. In na fitar da su yanzu na kashe kaina. Amma in aka ɗan jira zuwa lokacin da za a fara odar gem ɗin..."

Matar ta ce, "Ban ce ka sayar ba, na ce ka kwashe. Akwai rumbunan haya."

"Rumbun haya? Rufin kwano ne fa, zafi da sanyi duk shiga suke. Masu na'urar sanyaya ɗaki kuma sai an bi layi."

"Falo fa?"

"Nan ne wurin aikina."

"Ɗakinku na sama?"

Shona ta ce a hankali, "Ni ina da asma, ƙurar kwali ba ta yi mini. Kuma gaskiya, a can zai fi samun kulawa. Akwai nas dare da rana. Mu me muka sani? Don shi muke faɗa."

Matar ta miƙa wa Trent takarda da biro. Ya karanta sama-sama, ya sa hannu. Sai Kaz ya buɗe ido.

"Trent."

"Na'am, Baba."

"Yaushe ne abin zai fito?"

Fuskar yaron ta washe, wallahi ta washe, don an tambaye shi abin da ya sani. "Kakar shekara mai zuwa, Baba. Wannan karon su da kansu suka faɗa. Ni ina ganin Oktoba. Da na sayar zan dawo da kai, in sake maka fenti, sabon gado, komai."

Kaz ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya juya fuskarsa bango, ya ja bargo.

Gidan tsofaffin yana ƙetaren kogi. Ɗakin busasshe ne, ba laifi, akwai ɗumi, amma huhun ya riga ya gama. Sati bakwai ya yi. Trent ya zo sau biyu, na biyun ma a tsaye ya gaisa saboda ya bar mota a inda ba a fakin. Ni ina zuwa kullum. Kaz ya daina kare shi, ya daina ambaton sunansa ma, sai ana saura kwana uku ya kama hannuna ya ce, "Ki yi mini alkawari ba za ki kunyata shi a coci ba."

Na yi alkawari, kuma na cika. Na zauna a bencin gaba ina jin Trent yana gaya wa jama'a cewa ubansa ne mutum na farko da ya yarda da mafarkinsa. Mata suna share hawaye, Shona tana shafa masa baya. Na cije leɓe har na ji gishirin jini. A coci ya ce kar in kunyata shi, bai ce a takarda ba.

Sati uku bayan jana'iza na je karɓar hoton Halina da akwatin katinsa. Na tarar da farar mota a ƙofar gida, da dogon tiyo ya fito ta tagar ɗakin ƙasa. Ma'aikata biyu suna naɗe kayansu. Trent ya tare ni da murna, kamar ba abin da ya taɓa shiga tsakaninmu.

"Goggo, kin zo a daidai. Sauko ki gani."

Na sauka. Ban gane ɗakin ba. An fasa gindin bango an binne bututu, an sa injin zuƙe ruwa a rami, an shafe dutsen da farin fenti mai hana gumi. An buɗe bututun ɗumi, iska na busowa. Ƙasa a bushe ƙamas, ko warin nan babu. An jera sababbin kantocin ƙarfe daidai inda gadon yake.

"Ana raɗe-raɗin za su fito da na'ura ta musamman mai zanen gem ɗin a jiki," in ji Trent. "In haka ne sai na ƙaro kaya, sama kuma ta cika. Shi ne na ce bari a gyara nan. Taɓa bangon ki ji, Goggo. Yanzu ko shekara kwali ya yi a nan, babu abin da zai same shi."

Ban taɓa ba. Na juya wurin babban ma'aikacin, wani dattijo mai furfura da ke goge hannu da tsumma. Na ce, "Malam, aikin nan kwana nawa ya ɗauke ku?"

Ya ce, "Wannan? Ai ƙaramin aiki ne, Mama. Jiya da safe muka fara."

Trent yana ta magana a bayana, yana lissafa kantoci nawa bangon zai ci. Ƙyamar da na ji ranar ban taɓa jin irinta ga wani ɗan Adam ba, kuma jinina ne, ni na riƙe shi ran baftismarsa. Na hau sama, na ɗauki hoton Halina a bayan firiji inda suka jingine shi, na fita. Ban sake taka gidan ba.